Fayil Ɗin da Ya Shiga Ƙarƙashin Farin Ƙyalle

Shafi na 17

Masu turo min saƙo tun da safe wai na bar ku a tsaye, ku yi haƙuri, ga kujera. Sababbin zuwa kuma sannunku, ba ku makara ba.

*

Fayil shuɗi ne a hannun Sufeto, irin wanda makarantar take raba wa kowane malami a farkon zango. Tun daga bakin ƙofar ɗakin malamai Malama Shiru ta gane shi. Akwai ɗigon jan biro a kusurwarsa ta ƙasa, kuma ita ta ɗiga shi.

Sai ta ruga wajen lokar da take ajiye kayanta, ta ɗauko fayil ɗin da ke ciki ta leƙa, ta dawo da shi bakin ƙofar.

Makonni uku ke nan da makarantar ta aika wa hukumar tantancewa manhajarta. Yau hukumar ta turo wannan dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta yini tana zaga azuzuwa. In ta sa hannu, ɗalibai ashirin da uku na ajin ƙarshe za su zauna jarrabawar fita, kuma su ne na farko da makarantar za ta yaye. In ba ta sa ba, ranar Juma'a ake rufe rajista, sai baɗi.

Sufeto ta ajiye fayil ɗin a tebur.

"Wa ya rubuta wannan?"

Mama Shugaba ta gyara zama, tarin makullan da ke hannunta suka yi ƙara. Ita ta kafa makarantar shekara goma sha biyu da suka wuce, da yara tara, a ɗakin ajiyar kujeru na majami'a.

"Ni da malamaina, ranki ya daɗe. Wata biyu muka yi a kansa."

"Da hannu?"

"A'a, da kwamfuta. Ga Malamin Lissafi nan, shi ya buga."

Malamin Lissafi ya ɗaga hannu, garin alli ya zubo daga hannun rigarsa.

Sufeto ta buɗe fayil ɗin ta juya musu shi. Rubutun hannu ne, ƙanana a jere kamar tururuwa, kowane shafi da lambarsa a sama.

Makullan Mama suka yi shiru.

"Bari in ɗan karanta muku," in ji Sufeto. Ta tura tabarau sama. "'Litinin. A jadawali addu'ar safe minti goma sha biyar ce. Yau Baba Fasto ya ce "a ƙarshe" sau huɗu. Kimiyya ta rasa minti ashirin da biyu.'"

Baba Fasto, mijin Mama, yana zaune a kusa da taga da Littafi Mai Tsarki a cinyarsa. Ya yi gyaran murya.

"Ina ji dai sau uku ne."

"Huɗu ne, Baba," in ji Malamin Lissafi. "Ni ma nakan ƙirga."

Mama ta watsa masa harara, ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe riga.

Sufeto ta buɗe wani shafin.

"'Laraba. Ɗakin gwaje-gwaje: tebur biyu, bokiti ɗaya, na'urar ganin ƙwayoyin halitta guda ɗaya. Yara suna kiranta Tilo. Kowa minti biyu yake samu. Wanda ya gama leƙawa sai ya zana wa na bayansa abin da zai nema, don kada ya ɓata lokacinsa. Na lura masu zanawar sun fi kowa riƙewa.'"

A hankali Mama ta juya. A makarantar nan mutum ɗaya ne ke koyar da Kimiyya.

"Ke 'yar nan. Shigo."

Malama Shiru ta shigo. Yara ne suka sa mata wannan suna tun makonta na farko, saboda sai an matso gaban aji ake jin muryarta. Ta rungume wani fayil ɗin shuɗi a ƙirji da hannu biyu.

"Rubutunki ne?"

"Eh, Mama."

"Ɗaga murya, ba ni da lokacin raɗa yau!"

"Nawa ne, Mama."

"Ikon Allah." Mama ta miƙe. "Ni na ɗauke ki aiki. Ni na ce wa iyayen yara su yi haƙuri da muryarki, akwai ilimi a ciki. Na zaunar da ke a teburina kin ci abinci da 'ya'yana. Ashe shirun nan naki rubuta mu kike yi? Har ki aika wa hukuma?"

"Ban aika ba, Mama."

"To fuka-fuki ya yi ya tashi?"

"Na sa shi ne a ƙarƙashin ƙyalle."



Sufeto ta dubi wannan ta dubi wancan. "Wane ƙyalle?"

Malamin Lissafi ne ya amsa.

"Ranki ya daɗe, a nan ba takardar da take fita sai ta shiga ƙarƙashin farin ƙyalle. Akwai tebur a gaban ɗakin sujada. Duk Juma'a ake ɗora wasiƙu da sakamakon yara a lulluɓe, Baba ya ɗora hannu ya yi addu'a. Wanda yake da nasa abin da yake so a sa wa albarka yakan cusa shi ma."

"Ranar fayil ɗina ya cika," in ji Malama Shiru, idonta a ƙasa. "Na so in yi godiya ne kawai. Na cusa shi kafin kowa ya shigo. Da aka tashi na ɗauki wanda ya rage na sa a loka. Na riga na fara sabo, shi ya sa ban buɗe ba. Sai ɗazu."

Ta miƙa wa Mama wanda ta rungume. Mama ta buɗe. Ga manhajarta nan, bugun kwamfuta, fes, da hatimin makaranta a shafin farko. Ba ta je ko'ina ba.

Mama ta daɗe tana kallon manhajar. Sannan ta juya wajen taga.

"Baban yara."

"Na'am."

"Wa ya sa fayil a ambulan?"

"Ni ne."

"Ka duba?"

Baba Fasto ya shafa murfin Littafin da ke cinyarsa.

"Kin san ƙa'idata. Abin da aka miƙa wa Ubangiji ba a sake leƙa shi. Ido rufe nake zarowa, ido rufe nake liƙewa."

"Ido rufe!"

"Shekara goma sha biyu ina yin haka, ba a taɓa samun matsala ba."

"Shekara goma sha biyu Allah yana rufa mana asiri, yau ka gaji da rufin ka yaye!"

Sufeto ta cire tabarau tana gogewa. Malama Shiru ta lura kafaɗunta suna ɗan motsi, amma fuskarta ba ta nuna komai ba.

Mama ta juyo da sauri, ta miƙa fayil ɗin da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, kin dai ji. Kuskure ne. Ga manhajarmu ta gaskiya. Wancan rubutun yarinya ne, a ba ta kayanta."

Sufeto ba ta miƙa hannu ba.

"Zan karɓa in kin ba ni. Hakkinki ne. Amma ki sani, duk wanda na karɓa, da shi zan sake zaga makarantar nan ɗaki-ɗaki. Abin da ya ce akwai, sai na gani da idona. In ban gani ba, ba zan sa hannu ba, kuma ba zan dawo ba sai baɗi." Ta mayar da tabarau. "Na'ura nawa ya ce kuna da su?"

Mama ta kau da kai. Sufeto ta juya wajen Malamin Lissafi.

"Malam, kai ka buga. Nawa?"

Malamin Lissafi ya sosa ƙeya.

"Goma, ranki ya daɗe."

"Goma."

"Mama ta ce da bangaskiya muke rubutawa."

"Za mu same su ai!" in ji Mama. "Ban ce yau ba!"

"Addu'ar safe kuma minti nawa?"

"Goma sha biyar," in ji shi, ƙasa-ƙasa.

"Ita ma da bangaskiya?"

"Ita ce ma ta fi buƙata, ranki ya daɗe."

Baba Fasto bai ji wannan ba. Yana can yana kallon silin, leɓunansa suna motsi.

"Maman yara," ya ce. "Kin tuna abin da na roƙa ranar?"

"Ka ƙyale ni."

"Na tuna sarai. Na ce, ya Ubangiji, ka sa mutanen nan su gan mu yadda muke."

"Wa ya aike ka? A duk addu'o'in duniya ita ka zaɓa?"

"Kin ce amin."

"Kowa ya ce amin!"

"Ke kika fi ɗaga murya."

Mama ta koma ta zauna daɓas. Fayil ɗin yana cinyarta. Ta taga ana hango 'yan ajin ƙarshe a ƙarƙashin bishiyar tsakar makaranta, littattafai a buɗe, amma ba mai karantawa. Duk idanunsu suna kan ƙofar ɗakin malamai. Tara daga cikinsu Mama ce ta koya musu riƙe fensir.

Ta dube su, ta dubi fayil ɗin. Sai ta jawo aljihun tebur, ta tura shi ciki, ta murɗa makulli.

"Guda ɗaya ce," ta ce. Muryarta ta canza. "Tilo. Ba goma ba. Na ji tsoro ne, ranki ya daɗe. Na ga manyan makarantu, na dubi tamu, na ce wa zai kalle mu. Na rubuta abin da ba mu da shi, kuma ni ce nake tsayawa gaban yaran nan kullum ina ce musu kada su yi ƙarya." Ta goge ido da bayan hannu. "In hukunci ne a yi min. Su ba su san komai ba."

Baba Fasto ya taso ya tsaya a bayanta, ya dafa kafaɗarta. Ba ta ture hannun ba.

Sufeto ta ja fayil mai jan ɗigo gabanta.

"Shekara ashirin da shida ina wannan aiki," ta ce. "Na karanta manhajoji har ban san iyakarsu ba. Kusan duk iri ɗaya ne, har kuskuren bugun wani nakan tarar a na wani. Da na buɗe wannan a ofis na ɗauka wasa ake yi da ni. Na ce bari in karanta shafi biyu in mayar. Sai da shayina ya huce sau biyu."

Ta juya shafuka.

"Yau da shi na zaga. Ya ce na'ura ɗaya, na tarar da ɗaya. Na kira wata yarinya na ba ta fatar albasa. Kafin minti ɗaya ta saita, ta gani, ta zana wa na bayanta. Na je makarantu masu na'ura ashirin a kulle a kabad, yara ba su taɓa taɓa su ba."

Mama ta ɗago. Sufeto ta ci gaba.

"Shafi na arba'in. Wai Malamin Lissafi yakan fitar da yara su auna tsawon ginin majami'a da inuwarsa da sanda ɗaya. Na sa sun yi a gabana. Sun samu."

"Saura kaɗan su samu daidai," in ji Malamin Lissafi. "Rana ta ɗan..."

"Sun samu, Malam."

Ta ɗaga shafin za ta wuce na gaba. Sai ta tsaya. Ta dubi Malama Shiru ta saman tabarau, dogon kallo. Malama Shiru ta sunkuyar da kai. Ta san abin da ke shafi na arba'in da ɗaya. Shi ma a kan Malamin Lissafi ne, amma ba darasinsa ta rubuta ba, abin da ke zuciyarta game da shi ne.

Sufeto ta haɗa shafi biyu ta tsallake.

"'Yata, me ya sa kike rubuta waɗannan?"

Malama Shiru ta ɗago kai.

"Da na zo ban iya koyarwa ba, ranki ya daɗe. Na san Kimiyya, amma in na tsaya gaban aji sai maganar ta maƙale. Kuma ina jin nauyin tambaya. Shi ne duk lokacin da ba ni da darasi nakan zauna a bayan ajin wani in rubuta yadda yake yi. Abin da ya kama yara, da wanda bai kama ba."

"Har da Shugaba?"

"Shafi na goma sha biyu. Mama ba ta taɓa cewa yaro bai iya ba. Sai ta ce bai iya ba tukuna."

Mama ta rufe baki da hannu.

"Ni kuma fa?" in ji Baba Fasto. "Ban da ƙirgen 'a ƙarshe', ba komai?"

"Akwai, Baba. Ka san sunan kowane yaro da na mahaifiyarsa. In yaro bai zo kwana biyu ba, kai kake zuwa gidansu."

"Kin ji ko?" Ya taɓa kafaɗar Mama. "A shafi na nawa ne, 'yata?"

Sufeto ta zaro wata takarda daga jakarta, ta cire murfin biro.

"Sharaɗi uku. Na ɗaya, minti ashirin da biyun nan na Kimiyya ne, a mayar mata. Addu'a minti goma sha biyar, ƙararrawa ta buga."

"In ina tsakiyar aya fa?"

"Ka ƙarasa ranar Lahadi, Fasto."

"Ni zan riƙe ƙararrawar," in ji Mama. "Da hannuna. Na daɗe ina jiran wannan rana."

"Na biyu, a jawo famfo zuwa ɗakin gwaje-gwaje. Bokiti ba zai yi ba. Na uku," ta ɗora tafinta a kan fayil ɗin, "wannan ita ce manhajarku. A buga shi, a ɗinke, a kawo min cikin mako biyu. Yadda yake. Ban yarda a cire ko layi ɗaya ba, kuma na ɗauki hoton kowane shafi a wayata, zan gwada."

Ta sunkuya ta sa hannu, ta buga hatimi.

"Amincewar shekara ɗaya. Ku yi wa yaranku rajista."



Sai Mama ta ƙwala "Halleluya!" har tagar ta amsa. Makullai suka tarwatse a ƙasa. Ta rungume Sufeto, ta saki, ta rungume Malama Shiru har ƙafafunta suka bar ƙasa.

"'Yata! Ki yafe min bakina! Shirun nan naki ashe albarka ce!"

"Mama, numfashina."

Malamin Lissafi ya leƙa ta taga ya ɗaga takardar sama. 'Yan ajin ƙarshe suka tashi gaba ɗaya. Littattafai suka tashi sama. Wata ta ruga ta kama igiyar ƙararrawa tana ja ba ƙaƙƙautawa, ƙananan azuzuwa suka fito a guje ba su ma san dalili ba, suna tsalle suna ihu. Wani ya ɗauko waƙar yabo, tsakar makaranta ta ɗauka, ana tafi ana buga murfin tebur.

Baba Fasto ya ɗaga hannuwa biyu.

"Mu yi 'yar gajeriyar addu'ar godiya."

Mama ta dubi agogon hannunta.

"Na fara ƙirgawa."

A minti uku ya ce amin. Malamin Lissafi ya rantse zai rubuta ranar a bango.

Da Sufeto za ta fita, ta tsaya daidai kafaɗar Malama Shiru, ta rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Shafi na arba'in da ɗaya ba manhaja ba ne, 'yata. Amma ya fi duk sauran daɗin karatu."

Ta gyara jakarta ta wuce, yara suka raka ta har bakin mota da waƙa.

Malama Shiru ta juya da sauri. Fayil ɗin yana kan tebur. Taku uku ne tsakaninsu. In ta kai gare shi, ita za ta buga da kanta, ko da yatsa ɗaya ne, ko da za ta yi mako biyun ba ta ɗago ba.

Ta yi taku biyu.

Hannun Mama ya riga ta.

"Malam, zo nan. Kai ne mai saurin bugu. Ka fara yau, kuma ka ji abin da aka ce, ko layi ɗaya kada ka tsallake. Mun gama da ƙarya a makarantar nan."

"Mama, bari ni in..."

"Ke kin yi naki, 'yata. Je ki huta."

"Ba na jin gajiya, Mama."

"Ni na ce kin gaji."

Ta danƙa masa fayil ɗin ta fita tana rawa, makullai a hannu, Baba Fasto na biye da ita yana tambayar ko sharaɗin ya haɗa da ranar Juma'a.

Ɗakin ya rage su biyu.

Malamin Lissafi ya goge hannuwansa a wando, ya zauna, ya buɗe.

"Bari in fara ganin nawa," ya ce yana murmushi. "Shafi na arba'in aka ce ko?"

"Daga farko ake farawa, Malam."

"Leƙawa kawai zan yi."

Ya karanta shafi na arba'in yana gyaɗa kai. Ya yi dariya a wani wuri. Ya kai layin ƙarshe.

"Ai bai ƙare a nan ba," ya ce.

Ya juya.

Malama Shiru ta ga idanunsa sun sauka a layin farko. Sun wuce na biyu. Murmushin ya tsaya. Ya koma sama ya sake farawa, a hankali, yatsansa mai alli yana bin layin.

Sannan ya ɗago.

"Malama," ya ce. "Wannan ma in buga?"